Mai Agashe da Masu Zagin Autarsa

Duk wanda ya taɓa sauke buhu a kasuwar hatsi ta Gadarif ya san hayaƙin Kassim kafin ya san fuskarsa. Da la'asar, idan rana ta fara sassauta wa bayin Allah, sai wani siririn hayaƙi ya miƙe daga bayan rumfunan masu awo, ya bi ta kan motocin riɗi, ya shiga hancin dillali da na ɗan dako ba tare da ya tambayi wane ne babba ba. Idan ka bi shi har gindinsa za ka tarar da wani gajeren dattijo mai furfura a gemu kaɗai, ya kewaye wuta da tsinkayen nama, ya kakkafe su cikin toka, yana juya su ɗaya bayan ɗaya a hankali kamar mai tashin yara sallar asuba. Agashe ke nan, naman da ake yanka shi falan-falan a birkiɗe shi cikin garin gyaɗa da yaji. A birnin nan kowa yana cinsa, kuma kowa ya san daga hannun Hausawa ya fito.

A Mafaza aka haifi Kassim. Kakansa ya taso daga yamma da ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a bakin kogin Rahad don ya yi damina ɗaya ya haɗa guzuri. Daminar ta yi kyau. Wadda ta biyo bayanta ma ta yi kyau. A nan aka binne shi, a nan aka binne ɗansa, kuma Kassim bai taɓa ganin wata ƙasa ba sai wannan baƙar laka mai tsagewa da rani, mai riƙe ƙafar mutum da damina kamar ba ta son ya tafi. Da ƙuruciya ya yi yankan riɗi a manyan gonaki, aikin da ba ya jiran kowa, don riɗi idan ya nuna aka yi masa jinkiri sai ya buɗe baki ya zubar da kansa a ƙasa. Wata shekara ya faɗo daga bayan mota, gwiwarsa ta hagu ta ƙi komawa daidai. Kawunsa ya ɗauke shi zuwa Gadarif, ya zaunar da shi gefen wuta, ya ba shi wuƙa. Tun daga nan bai tashi ba.

Ban da gajarta, abu ɗaya ya gada daga mahaifinsa, shi ne yadda ake yi da zagi. A gidansu idan aka ci mutuncin naka, ba ka ramawa, ba ka kai ƙara, ba ka aika saƙo. Sai ka kwana da abin. Da safe ka yi wanka, ka sa farar jallabiya, ka naɗa rawani, ka ɗauki dattijo ɗaya ya zama shaida, ka tafi gidan uban wanda ya yi zagin. Za a kawo maka kofi, don ba gidan da za a shiga ba a kawo ba. Kai kuwa ka bar shi a gabanka yana hucewa. Ba za ka taɓa shi ba sai an kira mai laifin ya maimaita abin da ya faɗa, da bakinsa, a gaban ubansa. Kassim ya yi wannan tafiya sau da dama a rayuwarsa, saboda 'ya'yansa da 'ya'yan maƙwabta, kuma bai taɓa dawowa gida bai sha kofin ba.

Ikilima ce autarsa. Ita kaɗai cikin 'ya'yan ya yarda ta zauna a kan bencin masu saye, kuma tun tana ƙarama ta hana benci zama lafiya da tambaya. Me ya sa wannan yake ɗaukar buhu wancan yake ƙirgawa? Me ya sa ake ce mana Fallata, sunan makiyaya, alhali ba mu da saniya ko ɗaya? Kassim yakan ce wa matarsa Jummare, "Wannan yarinya da bakinta aka fara halittarta, sauran jikin daga baya aka ƙaro." Ta yi karatun jarida a Hartum, yaƙi ya dawo da ita gida da jaka ɗaya da waya. Ita da wasu abokan karatunta suka buɗe ɗan shafin labarai a intanet. Aikinta shi ne ta hau motar gona ta bi ma'aikata inda suke, ta yi musu magana da Larabci, idan ta ji harshen mutum ya karkata sai ta juya masa Hausa, nan da nan ya saki jiki ya faɗa mata abin da bai faɗa wa kowa ba.

Haka ta gano labarin ruwan. A wata gona ta wajen Basunda, ana kawo wa masu yankan riɗi ruwan sha a cikin gangunan da aka juye maganin feshi daga cikinsu, ɗauraya ɗaya kawai. Maza ƙarfafa suna kwance a bukka suna riƙe ciki. Ta ɗauki hoton gangunan, ta ɗauki muryar mutanen, ta tsaya gaban waya da mayafinta ta yi bayani. Ba ta kama sunan mai gona ba. Ta yi wa ma'aikatan alkawari za ta dawo ta ga ko an sake gangunan.

Ba ta koma ba. Kassim ya lura ta daina biyowa ta wurin wuta da yamma ta saci tsinke ɗaya kamar yadda ta saba. Ya lura wasu samari suna tsayawa nesa kaɗan suna kallonsa suna kallon wayoyinsu. Wata safiya ya fito ya tarar da ita zaune a kan gado a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, tana tsince wa uwarta shinkafa, ita da ba ta taɓa zama ta tsince komai ba sai maganar mutane.

"Auta, yau ba fita?"

"Na bari, Baba."

"Kin bar me?"

"Aikin. Na gama. Zan nemi koyarwa."

Jummare ce ta ɗago daga bakin murhu. "Malam, zaginta ake yi a cikin waya. Dare da rana. Yarinya ba ta cin abinci, kai kana can kana ciyar da gari."

Ya ce a karanta masa. Ikilima ta ƙi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tabaransa mai ɗaure da zare, ya karɓi wayar. Kassim yana karanta Larabci yadda ya koya a makarantar allo, yana bin kalma da yatsa, ita kuwa waya da ya taɓa ta sai rubutun ya gudu. Da ƙyar ya koyi riƙe yatsan a sama. Ya karanta. Ba wanda ya yi maganar ganguna. Maganar fatarta suke yi, da hancinta, da yadda harshenta yake kama wasu haruffa. Wai baƙuwa ce, wa ya ba ta izinin yi wa 'yan ƙasa magana. Wai ta koma Najeriya. Wani ya yanke fuskarta ya liƙa a jikin abin da Kassim ya gani sau ɗaya ya kawar da kai. Wani ya rubuta sunan unguwarsu ya ce ya san ƙofar.

Ya gyara zaman tabaransa. Sannan ya nuna wani suna da farce.

"Wannan ɗan gidan wa ne?"

"Baba, Zakin Butana ya sa. Ba sunansa ba ne."

"To ai zakin ma yana da uba."

Ta ɗauka magana ce kawai. Kassim kuwa da yammar nan ya fara aiki. Duk wanda ya miƙo hannu karɓar nama sai ya tambaye shi, cikin ladabi, ko ya san wani yaro da ake wa laƙabi da Zakin Butana, ko wani Takobin Gaskiya, ko wata Uwar Sarauta. Direbobi suka yi ta dubansa. Lawal tela, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa tun suna samari, ya yi dariya har ya riƙe bango.

"Kai Gurgu, mutanen nan fa ba su da gida. A cikin iska suke."

"Wanda yake cikin iska ba ya rubutu, Makaho. Yana da yatsa, yana da uwa, akwai inda yake cire takalmi."

"To ka je ka yi wa iska sallama, in raka ka."

Sai ga shi wata safiya, yana bin sunayen da yatsansa a sama, ya tsaya. Wannan bai ɓoye sunansa ba. Elnour Babiker, ga hotonsa ya jingina da farar mota. Kassim ya san motar, ya san inda ta lotsa a baya. Ubansa Babiker babban ɗan kasuwar dawa ne, kuma tun gashinsa yana baƙi ba ya tashi daga kasuwa sai ya zauna a ƙarshen bencin Kassim, ya cire takalmi ɗaya, ya ci tsinke mai kitse da ake ajiye masa, su yi hirar ruwan sama. Elnour kuwa a kafaɗar ubansa aka fara kawo shi wurin wutar, Kassim yana yayyanka masa nama ƙanana yana hura masa. Yaron ya ɗauki hoton wurin wutar ya sa, da Kassim a sunkuye cikin hayaƙi, ya yi rubutu a ƙasa.

Kassim ya kwana da abin. Da safe ya yi wanka, ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani. Jummare ta gan shi ta ajiye tsintsiya, ta gyara masa jelar rawanin ta baya. Ya ƙwanƙwasa wa Lawal. Lawal ya leƙo, ya ga rawanin, ya koma ya sako tasa rigar.

Babiker ya tarbe su da murna a ɗakin baƙi, hannu a kafaɗa, gaisuwa a kan gaisuwa, da Larabcin da su ukun suka tashi a cikinsa. Aka kawo kofi a tulunsa na ƙasa, da ƙananan kofuna, da turare yana tashi a gefen faranti. Babiker ya zuba da hannunsa. Kassim ya yi godiya, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Lawal ma haka. Babiker ya dubi kofin, ya dubi rawanin, fara'arsa ta ragu.

"Lafiya, ɗan'uwana?"

"Lafiya ce ta kawo mu, ya Hajj. A kira mini Elnour."

Yaron ya shigo da alamar barci a fuska, dogo, kyakkyawa, ya gaida su da kyau. Kassim ya amsa da kyau, ya tambaye shi karatu. Sannan ya ce, "Ɗana, akwai maganar da ka yi wa ƙanwarka Ikilima. Ban ji ta da kunnena ba. Ina so in ji."

Elnour ya yi murmushin da bai zauna ba. "Ya ammi, baffana, wannan fa Fesbuk ne. Kowa yana rubutawa. Ba da kai nake ba, wallahi."

"Hoton wa ka sa?"

Elnour ya sunkuyar da kai.

"Karanta mini. Idona ya yi rauni."

Yaron ya ciro wayarsa, ya nema, ya fara. "'Yar mai agashe ce za ta koya mana tsabta." Muryarsa ta yi ƙasa. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. A irin wannan gaɓa, a duk tafiye-tafiyen Kassim na baya, yaro yakan fashe da kuka, uba ya daka masa tsawa, a ba da haƙuri, a sha kofi. Amma Babiker ya miƙa hannu ya karɓi wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya karanta da kansa, da muryar da yake yin ciniki da ita, bai tsallake kalma ba. Cewa ta fara wanke warin hayaƙi daga jikinta. Cewa irinsu an bar su sun zauna ne don a sami masu gasa nama da masu ɗaukar buhu. Cewa ta tattara ubanta da tsinkayensa su koma inda suka fito. Ya kai ƙarshe, ya ajiye wayar a kan faranti kusa da turaren. Bai dubi ɗansa ba, bai dubi Kassim ba.

"A gidana ya tashi," ya ce, kamar da tabarma yake magana. Can ya ɗago. "Ka yafe mana, Kassim."

Elnour ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya goge rubutun a gabansu. Kassim ya dafa kansa ya sa masa albarka. Ya ɗauki kofin da ya riga ya yi sanyi ya shanye har ƙasa.

Ya dawo gida yana ɗingishi da sauri, fuskarsa a sake. "Auta! An gama da ɗaya."

Da ta fahimci inda ya je, Ikilima ta miƙe tsaye, shinkafar da take tsincewa ta zube. Ta fara da faɗa, wa ya aike shi, yanzu za a ce ta turo ubanta. Tana cikin faɗan ta dubi rawanin da ya karkace, da ƙurar da ta hau gefen jallabiyar, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, har dariyar ta koma wani abu dabam ta rufe fuska da mayafi.

"Baba, sun fi mutanen kasuwa yawa."

"To. Ni ma ai ba yau zan mutu ba, in Allah ya so. Na gano wasu biyu. Ɗaya a bayan tashar mota ubansa yake, ɗayan an ce mini ɗan Basunda ne. Lawal ya ce zai raka ni idan na biya masa mota."

Ta buɗe fuska ta dube shi, ta ga ba wasa yake ba. Mutumin nan zai bi gari gida-gida da gwiwa ɗaya, a wannan zamani da bindiga ta yi yawa a hannun mutane, ya zauna gaban kofi yana jiran kunya ta sauko wa wanda bai taɓa gani ba.

"Gidan Hajj Babiker ka shiga aka zuba maka kofi. Na gaba fa? Wanda ya ce ya san ƙofarmu, shi ma kofi zai zuba maka?"

"Sai in zauna ana taka ki?"

"Ka daina zuwa. Don Allah, Baba."

Kassim ya warware rawanin a hankali, yana naɗe shi a hannu. "Ke kin ajiye naki aikin, ni kuma in ajiye nawa. Sai mu zauna mu biyu mu tsince wa uwarki shinkafa."

"Ni ban ce ina son taimako ba," in ji Jummare daga bakin murhu. "Tsakuwa ma ta fi yawa tun da ta fara."

"Mutanen nan na Basunda," Kassim ya ci gaba, "kin ce musu za ki koma?"

"Na ce."

"Har yanzu daga gangunan suke sha?"

"Ban sani ba."

"To wa zai sani?"

Ta sunkuya tana tsintar shinkafar da ta zube, ƙwaya-ƙwaya. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Idan na koma, za ka ajiye rawanin? Ko me suka rubuta? Ko sun sake sa hotonka?"

Wannan ya fi masa tafiya Basunda da ƙafa wuya. Bai san wata hanyar kare ɗa ba sai wannan, ita ya gani a wurin ubansa, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya dubi rawanin a hannunsa, ya dubi autarsa da ta rame a wuya.

"Na ajiye," ya ce. Ya miƙa wa Jummare ta sa a akwati.

Babiker bai sake zuwa wurin wuta ba. Idan sun haɗu a hanyar masallaci yakan gaida Kassim da girmamawa fiye da da, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya wuce da sauri. Kassim ya daɗe yana ware tsinke mai kitse yana kafe shi nesa da wuta, har kasuwa ta watse ya ba wani ɗan dako. Abin ya ɗaure masa kai, don a saninsa bayan an sha kofi magana ta mutu.

"Na yi masa laifi ne, Makaho?"

Lawal bai yi tsokana ba ranar. "Ba ka yi ba. Amma mutum ya karanta wannan da bakinsa a gabanka, da wane bakin zai ci namanka?"

Ikilima ta hau motar gona ta koma Basunda. Ta tarar an sake wasu gangunan, wasu suna nan yadda suke, ta faɗi haka ba ƙari ba ragi. Zagin ya dawo kamar an buɗe masa ƙofa, har da sababbin sunaye. Ta koyi toshe wasu, ta bar wa abokan aikinta su share wasu, akwai kuma ranakun da take ajiye wayar a ɗakin uwarta ta fita tsakar gida ta zauna ita kaɗai. Kassim yana gani. Yakan tsaya a bakin ƙofa da tiren nama a kai, bakinsa ya motsa, sai ya ce kawai, "Auta, a ajiye miki mai yaji?" ya fita.

Wata yamma wasu masu yankan riɗi suka sauko daga mota, ƙura har gira, suka zauna a bencinsa. Ɗaya ya ciro waya mai fasasshen gilashi, sauran suka matso da kai. Kassim yana sunkuye yana fifita wuta sai ya ji muryar autarsa, siririya, tana fitowa daga tafin hannun baƙo, tana yi wa wani tambaya da Hausa, tana jira ya gama, tana sake tambaya. Mutanen ba su san shi ba. Ɗayansu ya ce yarinyar nan ba ta da tsoro, wani ya ce ai an ce ta gudu, na farkon ya ce to ga ta nan.

Kassim ya juya tsinke ɗaya, ya juya na kusa da shi. Hayaƙi ya shiga masa ido, ya goge da bayan hannu.

"Ɗana," ya ce wa mai wayar, "ƙara mata murya kaɗan. Kasuwar nan da hayaniya."